Yadda Ake Buga Maƙala a Buɗaɗɗiyar Mujalla Ba Tare da An Damfare Ka Ba

Duk lokacin da aka fara haɗa takardun ƙarin girma, tambaya ɗaya ce take dawowa gare ni daga ƙananan malamai da ɗaliban digiri na biyu da na uku: "Malam, wace mujalla zan tura wa aikina, kuma nawa zan biya?" Waɗannan masu sa'a ne, domin sun tambaya da wuri. Wasu sai sun biya sannan suke zuwa.

Na baya-bayan nan da ya zo mini yaro ne mai ƙwazo. Damina biyu ya yi a gonar gwaji yana auna tsayin gero da nauyin zangarniya, rana da ruwa duk a kansa. Ya tura maƙala, bayan kwana huɗu aka ce an karɓa, ya ranci kuɗi ya biya. Da kwamitin ƙarin girma ya ƙi ƙirga ta, sai ya zo ofishina ya buɗe shafin a wayarsa yana nuna mini tambarin Scopus, wato kundin tantattun mujallu na duniya, da suka manna a sama. Muka duba jerin Scopus ɗin tare. Sunan mujallar yana nan daram, amma adireshin shafinta na gaskiya daban ne da wanda ya tura wa aikinsa. Sunan aka sata. Ya yi shiru yana kallon wayar, sannan ya ce, "To Malam, yanzu zan iya kai ta wani wurin?" Wannan tambayar ce ta fi yi mini ciwo, domin aikin da ya riga ya fito a intanet da wuya wata mujallar kirki ta sake karɓarsa.

Buɗaɗɗiyar mujalla ita ce wadda kowa zai karanta abin da ke cikinta kyauta a intanet. Ina goyon bayanta ƙwarai, saboda na san likitan da ke asibitin ƙaramar hukuma da malamin gona da ke ƙauye ba za su taɓa biyan dala talatin ko arba'in don karanta maƙala guda ba. Sai dai hanyar tana da tsari, kuma yawancin asarar da nake gani daga juya tsarin take zuwa: a tura, a biya, sannan a fara bincike.

Abin da za ka tanada

Kwamfuta da intanet, adireshin imel da kake dubawa kullum (na jami'a ya fi, idan kana da shi), kwafin ƙa'idojin ƙarin girma ko na kammala digiri na makarantarku, manhajar Zotero ta tsara manazarta wadda kyauta ce, da wuri guda a kwamfuta inda za ka riƙa ajiye kowace wasiƙa da kowane kwafin maƙalar da kwanan watansa.

1. Fara da masu auna ka

Kafin ka kalli kowace mujalla, karanta takardar da za a auna ka da ita. Jami'o'inmu ba bakinsu ɗaya ba. Wata tana son mujallar da ke cikin Scopus ko Web of Science (wani kundin irin Scopus), wata ta ƙayyade yawan maƙalun da za ka buga a mujalla guda, wata tana raba maki tsakanin na gida da na waje. 'Yan'uwanmu na Nijar da Chadi su duba ƙa'idojin CAMES, hukumar da ke Wagadugu mai kula da ƙarin girman malaman jami'a a ƙasashe masu amfani da Faransanci. Kada ka dogara da abin da aka faɗa a ɗakin hutawar malamai. Nemi takardar ka karanta da idonka.

Idan wata hukuma ce ta ba ka kuɗin binciken, ita ma tana da sharaɗi, kuma sharuɗɗan nan sun canza sosai a 'yan shekarun nan. Gidauniyar Wellcome tun 2021 take buƙatar a buɗe maƙala ranar da ta fito. Gidauniyar Gates daga Janairun 2025 ta daina biyan kuɗin bugawa, ta ce a riƙa sakin daftarin farko, wato maƙalar kafin masana su yi mata bita, kyauta. Hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, daga 1 ga Yulin 2025 ta cire jinkirin shekara guda da a da ake yi kafin a buɗe maƙala a rumbunta na maƙaloli, PubMed Central. Idan kana aiki da abokan bincike na waje, tambaye su tun yanzu wane sharaɗi ne a kansu, domin ya shafe ka.

2. Tsayar da sunanka, ka buɗe ORCID

Minti biyar ne, kuma kyauta, a orcid.org. Za a ba ka lamba mai gurbi 16 wadda take bambanta ka da sauran marubuta, kuma taka ce har abada. Mu muka fi kowa buƙatarta: masu suna Muhammad Sani ko Aisha Abubakar a jami'o'in Arewa ba su ƙirguwa. Sannan ka zaɓi tsari ɗaya na rubuta sunanka ka tsaya a kai. Wanda yau ya sa sunan garinsu a ƙarshe, gobe ya sa na mahaifi, ya raba ayyukansa gida biyu da hannunsa.

Hattara: kada ka buɗe ORCID biyu don ka manta kalmar sirri. Ka sa imel biyu a cikin asusun, na aiki da na kanka, saboda ranar da ka sauya wurin aiki.

3. Zaɓi ƙofar da za ka bi

Ƙofa uku ce, kuma mutane da yawa ta ɗaya kawai suka sani.

Ta farko ana ce mata hanyar zinariya. Mujallar a buɗe take, amma marubuci ne ke biyan kuɗin bugawa, wanda za ka ga an taƙaita shi da APC a shafukansu. Ta biyu hanyar lu'ulu'u: mai karatu ba ya biya, marubuci ma ba ya biya, jami'a ko ƙungiyar masana ce ke ɗaukar nauyi. Ta uku koriyar hanya: ka buga a mujallar da ake biya kafin a karanta, wadda galibi ba ta karɓar komai daga marubuci, sannan ka ajiye kwafinka a rumbun jami'a ko wani rumbun kyauta, kowa ya samu.

Ga wanda ba shi da tallafin bincike, shawarata ita ce ya fara neman ta biyu, idan bai samu wadda ta dace ba ya bi ta uku. Ta farko sai in an yafe masa kuɗin ko akwai mai biya. Ban ga dalilin da zai sa malami ya sayar da fili ko ya ci bashin ƙungiyar adashi don maƙala guda ba.

Hattara da mujallu masu fuska biyu. Waɗannan na biyan kuɗin karatu ne, amma bayan an karɓi maƙalarka sai su tambaye ka ko kana son a buɗe ta a kan dala dubu kaza. Ba dole ba ne. Kana iya cewa a'a, a buga maka ba tare da wannan kuɗin ba. Na ga wanda ya danna "ina so" cikin ɗoki, takardar biya ta biyo baya, kuma irin waɗannan mujallu ba kasafai suke yafe kuɗin ba.

4. Fitar da mujallu uku

Ba ɗaya ba, uku, a jere: ta farko, mai bi mata, da ta ajiya. Wuri mafi sauƙin farawa shi ne manazartar maƙalarka. Mujallun da ka fi ambata su ne inda ake tattauna batunka.

Daga nan ka shiga doaj.org. Wannan kundi ne na buɗaɗɗun mujallu da aka tantance, an kafa shi a Jami'ar Lund ta Suwidin a 2003, yanzu yana ɗauke da sama da mujallu 20,000, kuma mafi yawansu ba sa karɓar kuɗi daga marubuci. Rubuta fanninka, ka tace sakamakon ya nuna maka marasa kuɗi kawai. Shafin kowace mujalla yana nuna lasisinta, kuɗinta idan akwai, da kimanin makonnin da take ɗauka daga turawa zuwa fitowa.

Sai ajol.info, dandalin mujallun Afirka da ya faro a 1998, wanda Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan mujallu a cikinsa. Mujallar kimiyya ta Jami'ar Bayero, BAJOPAS, tana ciki. AJOL yana sa wa mujallu taurari, ɗaya zuwa uku, gwargwadon ingancin tsarin aikinsu, yana kuma nuna waɗanda suka daina fitowa. Kada ka raina mujallun gida. Binciken da ya shafi tsutsar wake a Jigawa ko ruwan rijiyoyin Maraɗi, sau da yawa masu buƙatarsa a nan suke dubawa.

Karanta manufar kowace mujalla da aƙalla maƙaloli uku daga fitowarta ta ƙarshe. Idan aikinka bai yi kama da su ba, edita zai dawo da shi ko ga masu bita, wato masanan da ke auna ingancinsa, bai kai ba.

5. Binciki mujallar

Wannan ne matakin da na fi son ka ba lokaci. Yini guda ya isa, kuma shi ne yinin da yaron nan bai yi ba.

Da farko ka ɗauki lambar rajistar mujalla, wato ISSN, mai gurbi 8 da ke shafin mujallar, ka sa ta a portal.issn.org. Suna da ƙasa su dace da abin da shafin ya faɗa. A Najeriya Laburaren Ƙasa ne ke bayar da lambar. Amma ka sani ISSN rajista ce kawai, ba shaidar inganci ba ce; mujallar bogi ma tana iya samu.

Na biyu, duk iƙirarin da mujalla ta yi, je ka ji daga bakin wanda aka ambata. Ta ce tana Scopus? Shiga scopus.com/sources, kyauta ne, ka nemo ta. Duba shekarun da aka rubuta a gabanta, domin akwai waɗanda aka daina karɓa, su kuma ba su cire tambarin daga shafinsu ba. Ta ce tana Web of Science? Duba mjl.clarivate.com. Ta ce tana da ma'aunin tasiri, wato lambar da ke nuna yawan ambaton maƙalolinta, na kaza? Kamfanin Clarivate ne kaɗai ke fitar da wannan ma'aunin, sau ɗaya a shekara a watan Yuni. Sauran lambobin da ake mannawa masu suna kusa da shi, yawanci saya ake yi. Kasancewa a Google Scholar kuma ba tantancewa ba ce, na'ura ce ke kwaso duk abin da ta tarar.

Na uku, kuma nan ne aka kama yaron nan: adireshin shafin. 'Yan damfara suna ɗaukar sunan mujalla ta gaskiya da lambarta, musamman tsofaffin mujallun da a takarda kawai suke fitowa ko ba da Turanci ba, su buɗe shafi mai kama da nata. Don haka kada ka shiga mujalla ta mahaɗin da aka turo maka a imel ko WhatsApp. Shiga ta mahaɗin da ke DOAJ ko shafin kamfanin da ke buga ta, ka gwada adireshin harafi da harafi. Shafin Retraction Watch, mai bibiyar maƙalolin da aka janye, yana da jerin mujallun da aka sace wa suna, ya fara shi a 2022, kuma kyauta ake dubawa.

Na huɗu, zaɓi maƙala ɗaya a mujallar, ka kwafi lambar shaidarta ta dindindin, wato DOI, mai farawa da 10, ka sa a doi.org. Idan ba ta kai ka ga maƙalar ba, akwai matsala. Sannan ka ɗauki sunayen editoci biyu ka duba shafukan jami'o'insu, ka ga ko sun ambaci mujallar. Ana sa sunan farfesa bai sani ba.

Na biyar, yi amfani da hankalinka. Mujallar da take buga aikin tiyata da na lissafi da na adabi a fitowa guda, wadda ta aiko maka wasiƙar yabo ba ka nema ba, wadda ta yi alƙawarin karɓa cikin mako guda, wadda ba ta faɗi kuɗinta a fili ba sai bayan an karɓa, ba sai an gaya maka ba. Bitar masana ta gaskiya tana cin makonni, sau da yawa watanni, domin mutane ne masu nasu aikin suke yin ta.

Abin ba zargi ba ne kawai. A 2013 wani ɗan jarida mai suna John Bohannon ya haɗa maƙalar ƙarya cike da kurakuran da ɗalibi zai gano, ya tura wa buɗaɗɗun mujallu 304, 157 suka karɓa. Sunayen marubutan da ya ƙirƙira na Afirka ne. A 2019 wata kotu a Amurka ta umarci kamfanin OMICS na Indiya ya biya sama da dala miliyan 50 kan yaudarar marubuta.

Hattara: babban suna ma ba ya raba ka da bincike. Kamfanin Wiley ya sayi Hindawi a 2021. A 2023 Clarivate ya cire mujallun Hindawi 19 daga Web of Science, aka janye maƙaloli sama da 8,000 a shekarar, galibi daga fitowa ta musamman da masu sayar da maƙala suka mamaye, daga baya aka ajiye sunan Hindawi gaba ɗaya. Waɗanda suka yi aikin gaskiya a waɗannan mujallu su ma abin ya shafe su. Saboda haka mujallar da abokinka ya buga a cikinta shekara uku da suka wuce, sake duba ta yau. Kuma idan gayyatar fitowa ta musamman ta zo daga wanda ba ka sani ba, a kan batun da ba naka ba, ƙyale ta.

Idan kana son jerin tambayoyi a rubuce, shafin thinkchecksubmit.org yana da shi. Ma'aikacin laburarenku ma aikinsa ke nan, kuma ba a cika zuwa wurinsa ba.

6. Gama maganar kuɗi kafin ka tura

Ga kimanin farashi na 2025. PLOS ONE da Scientific Reports suna karɓar tsakanin dala 2,000 zuwa 3,000. Mujallar Nature, ga mai son a buɗe maƙalarsa, ta wuce dala 12,000. Idan dala tana naira 1,500, dala 2,000 ta zama naira miliyan 3. Farashin yakan tashi a farkon shekara, don haka ka duba na ranar, ka ɗauki hoton shafin ka ajiye.

Akwai yafiya da rangwame, amma suna da ƙa'ida. Manyan kamfanoni suna bin ɗayan jeri biyu: na shirin Research4Life na tallafa wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, mai rukunin A da B, ko rabon da Bankin Duniya ya yi wa ƙasashe. Nijar da Chadi suna cikin masu ƙaramin ƙarfi, saboda haka a wurare da yawa ana yafe wa marubutansu kuɗin gaba ɗaya. Najeriya tana matakin da ke sama da wannan, don haka rangwame ake yi, wani wurin ma sai ka rubuta ka nema. Ƙasar da ake dubawa ita ce ta marubucin da ke hulɗa da mujallar, wasu kuma sai dukan marubutan sun cancanta. Karanta sharaɗin.

Hattara: lokacin turawa ake neman yafiya. PLOS, mai buga PLOS ONE, alal misali, a cikin fom ɗin turawa ake cike buƙatar tallafin kuɗi. Wanda ya bari sai an karɓi maƙala ya makara. A wasiƙar, faɗi gaskiya a taƙaice: binciken ba shi da tallafin bugawa, jami'arku ba ta biya, ga abin da za ka iya idan akwai. Wasu za su nemi takardar shaida daga shugaban sashe, ka tanade ta. A mujallar kirki masu duba kuɗi daban suke da masu bita, neman yafiya ba ya rage wa maƙalarka daraja.

Idan kana rubuta neman tallafin bincike, na asusun manyan makarantu na Najeriya, TETFund, ko na waje, sa kuɗin bugawa cikin kasafin tun farko inda ƙa'ida ta yarda.

Mujallun gida sukan karɓi kuɗin tantancewa da kuɗin bugawa da naira. Wannan ba laifi ba ne idan an rubuta shi a fili. Amma asusun ya kasance da sunan mujallar ko ƙungiyar ko jami'ar, kuma ka karɓi rasit. Na waje kuma, ta shafin kamfanin kawai za ka biya. Tambayi bankinka tun da wuri ko katinka zai iya, domin iyakar kashe kuɗin waje a katin naira tana yawan canzawa.

7. Shirya maƙalar yadda suke so

Sauke ƙa'idojin marubuta na mujallar ka bi su ɗaya bayan ɗaya: yawan kalmomi, tsarin tsakure, fitilun kalmomi, girman hotuna, salon manazarta. Zotero zai sauya maka salon manazarta cikin daƙiƙa.

Abubuwa uku ba su gyaruwa daga baya. Binciken da ya taɓa mutum ko dabba yana buƙatar izinin kwamitin ɗa'a kafin a fara, da lambarsa. Gwajin magani a kan marasa lafiya dole a yi masa rajista kafin a ɗauki mutum na farko, kuma akwai rajistar Afirka, PACTR. Na uku jerin marubuta: ku zauna ku amince a kansa kafin turawa. Sa sunan wanda bai yi aiki ba don girmamawa, ko don ya biya rabin kuɗi, saɓa ƙa'ida ne, kuma sauya jeri bayan turawa yana jawo tambayoyi. Na san da nauyi a ce wa babba a'a. Sashen godiya yana nan domin wanda ya taimaka amma bai kai marubuci ba.

Mujallu suna tace maƙala da manhajar gano satar fasaha, har da kwafo daga tsohon aikinka. Idan daga kundin digirinka ka ciro ta, faɗa wa edita. Idan ka yi amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen gyaran Turanci, bayyana yadda mujallar ta tanada. Kwamitin ɗa'ar wallafa, COPE, ya ce tun 2023 ba za a sa ta a jerin marubuta ba. Kuma ka buɗe kowace madogara ka gan ta da idonka, domin irin waɗannan manhajoji suna ƙirƙiro manazartar da babu su.

8. Saki daftarin farko, idan ya dace

Nan ne harkar take sauyawa da sauri. Kafin bita, kana iya ajiye maƙalar a rumbun daftari kyauta: arXiv na lissafi da fiziya da kwamfuta, wanda yake aiki tun 1991, bioRxiv na ilimin halittu, medRxiv na lafiya, AfricArXiv na binciken Afirka. Amfaninsa biyu: ana karanta ka tun yanzu, kuma akwai kwanan wata da ke shaida kai ka fara. Mujallar eLife ma tun 2023 ta daina cewa an karɓa ko an ƙi bayan bita, sai ta buga daftarin tare da ra'ayin masu bitar. Sai dai hakan ya sa ta rasa ma'aunin tasirinta na Clarivate, abin da ya kamata mai neman ƙarin girma ya sani.

Hattara: fara duba ko mujallarka ta yarda da daftari, yawanci sun yarda amma ba duka ba. Abin da ka saki ba ya gogewa. Idan akwai ƙirƙirar da kake son yi wa rajistar mallaka, kada ka saki sai ka shigar da takardun. Kuma kada ka lissafa daftari a matsayin bugaggiyar maƙala a takardun ƙarin girma.

9. Tura, ka jira, ka amsa

Ta manhajar mujallar ake turawa, irin su Editorial Manager, ScholarOne, ko OJS da yawancin mujallun jami'o'i ke amfani da ita. Haɗa da gajeriyar wasiƙa ga edita: abin da ka gano, dalilin da ya dace da mujallar, da tabbacin cewa ba ta wani wuri. Ajiye lambar da za a ba ka.

Hattara: ba a tura maƙala ɗaya wuri biyu a lokaci guda. Idan wata uku ya wuce shiru, rubuta ka tambaya cikin ladabi. Idan za ka janye, rubuta ka jira amsa kafin ka kai ta gaba. Masu faɗawa wannan kuskuren galibi wa'adin ƙarin girma ne ya matso su, ga shi ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙirga wata shida zuwa shekara daga turawa zuwa fitowa.

Idan aka ce ka yi gyara, albishir ne. Kwana biyu ka bar wasiƙar, zuciya ta huce. Sannan ka kwafo kowace magana ta masu bita, ka rubuta amsa a ƙarƙashinta da shafi da layin da ka gyara. Inda ba ka yarda ba, kawo hujja ba tare da zafi ba. Idan an ƙi gaba ɗaya, yi amfani da gyaran ka wuce mujalla ta biyu. Wasu kamfanoni za su ce su miƙa ta ga wata mujallarsu. Kafin ka amsa, mayar da ita mataki na 5 da na 6.

Wanda ya gane ya faɗa hannun mujallar bogi kafin ya biya ko ya sa hannu, ya rubuta takardar janyewa nan take, ya ƙi biyan "kuɗin janyewa", ya ajiye duk wasiƙun, ya kuma gaya wa editan mujalla ta gaba abin da ya faru.

10. Karanta kafin ka sa hannu

Ranar da aka karɓa, abu na farko: ajiye kwafin ƙarshe da ka tura bayan gyara, wanda ba a yi masa kwalliyar mujalla ba. Rubuta masa "wanda aka karɓa" da kwanan wata. Za ka buƙace shi a mataki na gaba, kuma shi ne aka fi ɓatarwa.

A buɗaɗɗiyar mujalla za a ce ka zaɓi lasisi. CC BY ya ba kowa damar yaɗawa da fassarawa, muddin ya ambace ka. CC BY-NC ya hana amfanin kasuwanci. Mai ND a ƙarshe ya hana sauyawa, har da fassara ba da izini ba. Ni CC BY nake zaɓa, domin ina son wani ya iya mayar da bincike kan zazzaɓin cizon sauro zuwa Hausa ko Faransanci ba sai ya nemo ni ba, kuma shi ne manyan masu ba da tallafi suke buƙata. A mujallar biyan kuɗin karatu kuwa, galibi haƙƙin mallaka kake miƙawa, don haka nemo sakin layin da ya faɗi abin da ya rage maka.

Kwafin dubawa na ƙarshe yakan zo da wa'adin kwana biyu ko uku. Duba sunaye, ORCID, sunan jami'a, alƙaluman jadawali da lambar tallafi.

11. Ajiye ta inda za a same ta

Shiga Open Policy Finder na hukumar Jisc ta Birtaniya, wanda a da ake kira Sherpa Romeo, ka rubuta sunan mujallar. Zai nuna maka wane kwafi aka yarda ka ajiye, a ina, da ko akwai jinkiri na wata 6, 12 ko 24. A koriyar hanya, galibi wancan kwafin da ka ajiye a mataki na 10 ne aka yarda da shi, ba PDF ɗin mujallar ba.

Kai shi rumbun jami'arku ta hannun laburare. Idan babu rumbu ko ba ya aiki, yi amfani da zenodo.org, wanda cibiyar CERN ta Janiba ke gudanarwa kyauta. Yana da wurin sa ranar da jinkiri zai ƙare, sai ya buɗe da kansa. Bayanan da ka tattara ma kana iya ajiye su a can su sami DOI nasu, bayan ka cire duk abin da zai nuna ko su wane ne mutanen da aka yi binciken a kansu.

Hattara: ɗora PDF ɗin mujallar biyan kuɗi a dandalin masana irin su ResearchGate ko Academia saɓa yarjejeniya ne a mafi yawan lokuta, kuma ana sa a sauke.

Bayan mako biyu, gwada DOI ɗinka a doi.org, ka duba ko maƙalar ta shiga ORCID da Google Scholar ɗinka, in ba ta shiga ba ka sa ta da hannu. Idan mujallar tana Scopus, ba ta wata ɗaya zuwa biyu sannan ka duba. In ba ka gan ta ba, rubuta wa edita da lambar DOI. Ɗauki hoton shafin Scopus ko DOAJ mai nuna mujallar tana ciki a shekarar da maƙalarka ta fito, ka haɗa shi da wasiƙar karɓa da rahoton masu bita a wurin ajiyar nan da ka buɗe tun farko. Su ne kwamitin ƙarin girma zai nema idan an cire mujallar daga jerin bayan shekara biyu.